Wardin Kenya da Lallen Ƙofar Ɗakinta

Sun ce ba zai yiwu ba. Abokaina 'yan fansho sun faɗa, 'ya'yan cikina sun faɗa, har matar da ke ƙawata majami'armu da furannin roba ta faɗa, tana dariya tana kare baki da gefen ɗankwali. A cewarsu, babu mahalukin da zai ɗauko ɗanyen furen wardi daga wata ƙasa, a tsakiyar bazara, ya kawo shi unguwarmu ta Kamazou a Kaduna bai yi yaushi ba. Na ce zai yiwu, kuma ya yiwu. Sai dai a tsawon rayuwata, wadda Allah ya yi wa albarkar shekaru, ban taɓa yin nasarar da ta zubar da ni a idon kaina kamar wannan ba. Ko da tsufa zai mantar da ni sunan makarantar da ta koya mini riƙe alƙalami, wannan al'amari ba zai fita daga raina ba har ranar da za a mayar da ni ga ƙasa.

Ya kamata mai karatu ya san ko wane ne ke magana. Ni mutumin zamanin da ne. Na yi makarantar mishan a lokacin da ake duba farce da wuyan riga kafin a duba abin da ke cikin kai. Daga nan na shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, na hau matakai ɗaya bayan ɗaya har na zama shugaban sashen zane. Duk furen da kuka gani a jikin atamfar iyayenku mata a wancan zamani, ba mamaki ya bi ta ƙarƙashin hannuna. Saboda haka na ɗauki kaina masanin fure wanda ba a ja da shi. Na san yadda kunnen fure ke lanƙwasa, na san jan da ke tafiya da kore da jan da ke faɗa da shi. Abin da ban lura ba shi ne, duk sanin nan nawa na ido ne kawai.

Uwargidana, wadda kowa ke kira Mama, ungozoma ce da ta yi ritaya. Rabin matasan unguwarmu ta da, a hannunta suka fara kuka. Bayan ta bar aiki sai hawan jinin ido ya kama ta, ya yi ta cin ganinta daga gefe zuwa tsakiya, har ya zamana haske da duhu kaɗai take bambancewa. Ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ta riƙe shi ne ɗan lambunta, wata siririyar ƙasa da ta miƙe daga ƙofar gida zuwa ƙofar ɗakinta. Tun idonta na gani ta tsara shi. Ɗoɗɗoya a bakin ƙofar gida, ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami a tsakiya, tazargade kusa da famfo, sannan bishiyar lalle daf da ƙofar ɗaki. Da waɗannan take tafiya. In ta shigo gida takan saki hannun wanda ke jagorantarta ta ce, "Daga nan na san hanya. Hancina ne fitilata." Ta bi ƙamshi ɗaya zuwa wani, in reshen lalle ya shafi kafaɗarta ta san ta iso.

Lallen nan yana da tarihi. Ranar da aka kawo Mama gidana, mahaifiyarta ta sa mata reshensa a cikin kayan aure daga ƙauyensu. Ta dasa shi a gidanmu na farko a Unguwar Sanusi. Da gari ya rikice, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, muka sayar da gidan muka dawo Kamazou, ta bar kujeru da kwanuka da yawa a baya, amma ba ta bar gidan ba sai da ta yanko reshe. Ni kuwa "dajin Mama" nake kiran lambun. A idon mai zane ba shi da tsari. Furen lalle ma in ka gan shi, wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne marasa fasali, waɗanda ko a gefen zani ba zan sa su ba.

Gardamar ta samo asali ne a Kakuri, a gindin bishiyar da tsofaffin ma'aikatan masaƙa ke taruwa, muna kallon ƙofar kamfanin da tsatsa ta cinye muna ba juna labarin da kowa ya riga ya sani. A cikinmu akwai Alhaji, tsohon shugaban sashen rini, wanda shi ne maƙwabcinmu a Unguwar Sanusi, kuma shi ya sayi gidanmu ya haɗa da nasa. Tun muna samari muke gardama da shi. Rannan na kawo labarin da na karanta a jarida, cewa yawancin wardin da Turawa ke ba matansu a nan Afirka ake noma shi, a tsaunukan Kenya da Habasha, a yanke shi yau, jibi yana kan teburin wani a Turai. Na yi bayani dalla-dalla kamar yadda na saba, ina ɗaga yatsa.

Alhaji ya bari na gama, sannan ya ce, "To Manaja, tunda a Afirka yake, me ya hana ka ba Mama ko guda ɗaya? Ko kuwa kai sai na jikin atamfa, wanda ba ya shan ruwa?"

Aka fashe da dariya. Wani mutumin Filato ya ce a zafin nan ko tumatir ba ya kwana biyu, balle fure. Alhaji ya ƙara da cewa, "In ka kawo shi Kamazou da ransa, ni da kaina zan cire hula in gaishe shi."

Na miƙe tsaye, na gyara kwat ɗina, na ce a bikin cikarmu shekara hamsin da aure, wanda ke tafe a bazarar nan, za su ga wardin Kenya a bagadin majami'armu. Yanzu da nake tunawa, ko sau ɗaya sunan Mama bai zo a zuciyata ba a lokacin da nake wannan alwashi. Fuskar Alhaji kawai nake gani.

Na tafi Abuja da kaina wajen wata mata da ke shigo da furanni don bukukuwan manyan mutane. Ta karɓe ni da girmamawa, ta shigar da ni wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, inda furanni ke tsaye cikin bokitai, layi-layi. Ta ba ni labarin tafiyarsu. Ta ce a cikin manya-manyan rumfunan leda ake noma su a bakin wani tafki, mata ne ke yanka su tun da sanyin safiya kafin su gama buɗewa, a kankare musu ƙaya, a tsoma su cikin ruwan magani, a jera su cikin kwalaye. Daga ɗakin sanyi zuwa motar sanyi, daga motar sanyi zuwa jirgin sama. Wasu ma sai sun je kasuwar gwanjo a ƙasar Holan, an saye su a can, sannan su juyo su dawo Afirka. Ta ce sirrin sana'ar ɗaya ne, kada zafi ya taɓa furen ko na ɗan lokaci. Na ji abin ya burge ni ƙwarai. Irin tsarin da nake so ke nan.

Na zaɓi ja mai duhu, mai doguwar kara, mai babban kai. Tana cikin rubutawa sai ta ɗago ta ce, "Baba, in gaya maka gaskiya, wannan irin ba shi da ƙamshi. An haɗa irinsa ne don ya jure hanya, ya daɗe a tsaye. Masu ƙamshin akwai su, amma ba sa jure tafiya, ba zan yi maka alkawarin za su kai Kaduna ba."

Ga amsar da na ba ta, kuma ina rubuta ta ne yadda na faɗe ta: "'Yata, ƙamshi aikin turare ne. Ni abin da ido zai gani nake so."

Mutumin da matarsa ba ta gani, shi ya faɗi haka. Bakina ya faɗa, kunnena ya ji, zuciyata ba ta motsa ba.

Sauran aikin na sanyi ne. Furen zai iso kwana biyu kafin bikin, kuma wutar lantarkinmu kowa ya san halinta. Na yi hayar ƙaton janareta, irin wanda mota ke saukewa da ƙugiya, don ya riƙe na'urar sanyaya falo dare da rana. Na tura Mama gidan babbar 'yarmu a Barnawa da hujjar ɗinki da kitso, don kada ta ji motsin shirin. Da motar janaretan ta zo, sai aka ga babu inda za a sauke shi kusa da falo sai kan lambun nan. Ga kuma masu rumfunan baƙi suna neman inda za su kafa ƙarafansu. Ban yi dogon tunani ba. Na ce a share wurin. Masu aikin suka tuge ɗoɗɗoya da tazargade, suka kwashe ciyawar shayi. Da suka zo kan lallen, mai addar ya tsaya ya dube ni ya ce, "Baba, har da wannan?" Na ce har da shi. Sara kaɗan ya yi ya faɗi. Na tuna wani ƙamshi ya tashi a tsakar gidan, na kuma tuna na koma gefe don kada ganye ya ɓata mini takalmi.

Da kwalayen suka iso a motar sanyi, na buɗe na farko da hannuna. Ba zan ɓoye ba, na yi farin ciki irin wanda na daɗe ban yi ba. Kowane fure kamar ɗan'uwansa, tsawo ɗaya, ja ɗaya, babu tabo, babu ƙwaro, kamar ni na zana su aka buga a inji. Ana gobe biki babbar 'yarmu ta zo ɗaukar wa Mama sarƙa. Ta tsaya a ƙofar gida, ta dubi inda lambun yake, ta dubi janaretan yana ruri, ta dafa ƙirji.

"Baba, me ka yi?"

"Ciyawa ce, za a sake shuka mata. Zo ki ga abin da na kawo wa uwarki."

Ta leƙa falon, ta dubi furannin, ba ta ce suna da kyau ba. Ta ce, "Ni dai ba zan gaya mata ba. Kai za ka gaya mata." Na ce mata yaran zamani ba su san girman abu ba. Ta ɗauki sarƙar ta tafi.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har waje. An kafa rumfa a harabar don baƙi, an sa lasifika, kuma a nan Alhaji ya zauna da sauran abokan aikinmu, cikin babbar rigarsa. Bagadi ya yi ja wur da wardi. Mutane na shigowa suna tsayawa, wasu na ɗaukar hoto, matar furannin roba ta je ta taɓa ɗaya da yatsa ta dawo tana girgiza kai. Zumuntar mata suka rako mu gaba da kiɗan tulu da caki, sanye da atamfa iri ɗaya, Mama na tsakiyarsu tana rawa a hankali, hannunta a kafaɗar 'yarmu. Fasto ya miƙo mini makirufo. Na yi jawabi, rabi da Turanci rabi da Hausa. Na bayyana tafiyar furen daga tsaunukan Kenya, na ambaci jirgin sama da ɗakunan sanyi, na ce akwai waɗanda suka rantse ba zai yiwu ba, kuma ina fata suna jina a waje. Aka yi dariya aka tafa. Sannan na ɗauki babban ƙunshi da aka ɗaure da farin ƙyalle, na sa a hannun matata.

Fasto ya kai makirufon bakinta ya ce, "To Mama, me za ki ce wa Baba?"

Mama ta ɗago ƙunshin. Ta sunkuyar da fuska ta cusa hanci cikin furannin, ta ja numfashi. Ta ɗago. Ta sake cusawa, ta ja wanda ya fi na farko tsawo. Sannan ta bi karan da yatsa daga sama har ƙasa, tana neman ƙaya, ba ta samu ba. Sai ta juyo inda take jin numfashina, ta sassauta murya, irin muryar da take lallashin mai naƙuda da ita, ba ta san makirufo na bakinta ba.

"Baban yara, na roba suka sayar maka, ko? Amma sun iya, har da sanyi suka sa masa."

Majami'a ta ɗauki dariya, daga ciki har waje. Ita ba ba'a take yi ba. Ta ɗauka an cuce ni ne, tana so ta rage mini zafi. Da ta ji dariyar sai ta laluba ta kama hannuna ta matse, ta ƙara da cewa, kuma wannan ma lasifika ta kai shi ko'ina:

"Kada ka damu. In mun koma gida zan tsinko maka na gaske a ƙofar ɗakina."

Mata suka yi guɗa. Fasto ya ce wannan ita ce ƙauna ta shekara hamsin. Na dubi 'yarmu, ta sunkuyar da kai. A nan ne, a gaban bagadi, cikin kwat ɗina mafi tsada, na fara gane abin da na aikata. Dariyar mutane ba ta dame ni ba kamar yadda na zaci za ta dame ni. Hanyar gida nake tsoro.

A cikin mota na buɗe baki sau da yawa in gaya mata, na kasa. Mutumin da ya yi jawabi a gaban ɗaruruwan mutane ya rasa kalma ɗaya. Muka iso, baƙi sun riga mu, sun cika rumfuna, janareta na ta ruri. Aka buɗe mata ƙofa, 'yarmu ta kama hannunta har bakin ƙofar gida. A nan Mama ta zare hannunta kamar yadda ta saba.

"Daga nan na san hanya."

Ta taka sau biyu ta tsaya. Ta ɗaga kai tana shaƙar iska, ta juya hagu, ta juya dama. Babu abin da ke tashi sai warin gas da hayaƙi.

"Direban nan bai ɓata gida ba kuwa?"

Matan zumunta da ke bayanta suka dubi juna. Ta ci gaba a hankali, hannu a miƙe, ƙafa na laluben ƙasa, ita da ke ratsa wurin nan kamar mai ido. Da ta kai inda reshen lalle ya saba shafar kafaɗarta, ta miƙa hannu ta tarbe shi, sai tafinta ya sauka kan ƙarfen janareta mai zafi. Ta janye da sauri, ta riƙe hannun a ƙirji. Ba ta yi ƙara ba.

"Baban yara, ina lallen Inna?"

Sai na gudu cikin Turanci, mafakar da na saba ɓuya a cikinta tun ina ofis. Na ce shiri ne na wucin gadi, na ce za a maido da komai yadda yake. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta juya ga 'yarmu ta ce, "Zo ki kai ni ɗaki, ban san hanya ba."

A gidanta. A gaban matan da ta karɓi haihuwar 'ya'yansu. Na ɗaga ido sai muka haɗa ido da Alhaji a ƙarƙashin rumfa. Hularsa na kansa. Bai yi dariya ba, ya kawar da kai kamar wanda ya ga tsiraicin babba. Da ya yi mini ba'a, da ya fi mini sauƙi.

Wardin nan ya cika alkawarin masu shi. Ya yi kwanaki a falo yana tsaye ƙyam, ja wur, bai san an yi komai ba. Na riƙa wucewa ta gabansa ina kawar da kai, har na sa aka kwashe shi tun bai bushe ba. Da aka ɗauke janaretan, sai ga ƙasar wurin ta yi baƙi da man da ya zuba. Na yi ta zuba wa kututturen lallen ruwa safe da yamma ina jiran toho. Bai toho ba.

Mama ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata ga fasto ba, ba ta fasa tambayar ko na ci abinci ba. Abin da ta daina shi ne fita tsakar gida ita kaɗai. Takan zauna a bakin gado har sai wani ya zo ya kama hannunta. Sau ɗaya kawai ta taɓa maganar. Ina karanta mata Littafi Mai Tsarki da yamma, sai ta ce, ba tare da ɗaci ba, "Ka san abin da ya fi ba ni mamaki? An ɗauko fure daga wata ƙasa, an bi shi da sanyi har ƙofar gidan nan don kada ya wahala. Nawa kuwa da ke tsaye a gida, ba wanda ya tambaye shi." Na rufe Littafin, don haruffan sun daina tsayawa wuri ɗaya.

Na san inda maganin yake, amma girman kai ya riƙe ni har damina ta kusa kankama sosai. Uwar bishiyar, wadda Mama ta dasa tana amarya, tana nan a tsohon gidanmu na Unguwar Sanusi, a hannun mutumin da na yi duk wannan don in kunyata. Na daɗe ban taka unguwar ba. Wata safiya na ajiye kwat, na sa riga mara ado, na hau keke mai ƙafa uku na tafi.

Na tarar da Alhaji a kan tabarma a zaure. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ina ta kewaye-kewaye. Ya bar ni na gaji don kaina.

"Manaja, ka ci gardama fa. Ina sane, bashin cire hula na kaina."

"Bar hularka inda take, Alhaji. Roƙo na zo yi."

"Kai? Roƙo? Bari in kira Hajiya ta zo ta ji, kada a ce ni na ƙirƙira."

Amma bai bari na faɗi abin da na zo roƙa ba. Ya tashi ya yi mini iso zuwa cikin gida. Ga bishiyar nan a inda na san ta, ta yi kauri, ta haura katanga. Hajiya, matarsa, ta fito da wuƙa a hannu tun kafin a yi mata bayani, ashe labari ya riga ni zuwa. Ta ce duk amaryar da aka yi a layin nan, da ganyen bishiyar nan aka yi mata ƙunshi, kuma har yau "lallen Mama" suke ce mata. Ta zaɓi rassa masu ƙwari ta yanka, ta naɗe gindinsu da jiƙaƙƙen tsumma, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ba don kai ba, Baba. Don ita. Ita ta karɓi 'ya'yana duka."

Na ce na sani. Alhaji ya rako ni bakin titi, ya tsayar mini da keke, ya ce wa direban, "Ka tafi a hankali, kaya ne daga ƙasar waje." Wannan karon na yi dariya tare da shi, ko da yake idona ya cika.

Na kwashe baƙar ƙasar nan da hannuna, na sa aka kawo sabuwa. Ban ɗauki ma'aikaci ba. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna ganin tsohon manaja durƙushe da fartanya, gwiwoyinsa na ƙara. Na fito wa Mama da kujera, ta zauna tana ba ni umarni. Ɗoɗɗoya a bakin ƙofa, ba can ba, matso da ita. Ciyawar shayi a tsakiya. Matan zumunta suka kawo tazargade daga irin da ta taɓa ba su. Ƙananan suka kama da wuri, ta fara taka rabin hanya ita kaɗai. Lallen ne ya ja rai. Wasu rassan suka bushe, biyu suka kama, suka yi ganye, amma fure shiru. Bazara ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa. Na koyi cewa abin da adda ta sare kafin a ƙifta ido, ba a maido shi da jawabi.

Wata safiya muna shan shayi a falo, taga a buɗe, an ɗan yi yayyafi da asuba, sai Mama ta ajiye kofinta. Ta ɗaga kai.

"Baban yara, ya buɗe."

Ta miƙe. Na kai hannu in kama ta, ta ture shi. Ta fita ta ƙofar falo, ta zagaya ta bakin ƙofar gida don ta fara daga farko, ta bi ɗoɗɗoya, ta bi ciyawar shayi, ta wuce famfo, ta tsaya daidai inda ƙaramin reshe ya taɓa ta, ba a kafaɗa ba, a gwiwar hannu, don bai yi tsawo ba tukuna. Ni da nake da ido sai da na sa tabarau na sunkuya kafin na ga furen, wani ɗan curi fari-fari a ƙarshen reshe. Ta tsinko kaɗan, ta laluba fuskata, ta kai mini hanci.

"Ga na gasken da na yi maka alkawari. Ya ɗan makara."

Na shaƙa. Shekara hamsin da ɗoriya ina wucewa ta gefen wannan ƙamshi, ranar na fara jin sa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma ya zo mini da tsada. Kyautar da aka yi don idon 'yan kallo ba ta wanda aka miƙa wa ba ce, ta mai bayarwa ce, shi ya yi wa kansa. Kafin mutum ya ƙetare ƙasashe neman abin da zai girmama nasa da shi, ya fara tambaya da me nasan yake gane hanyar ɗakinsa. Ba na zargin masu noman wardi, ko matar da ta sayar mini. Sun yi aikinsu da ƙwarewa, ta kuma gaya mini gaskiya. Ni ne na ji ban saurara ba.

'Ya'yana sun buga ranar bikin nan a jikin kalanda da kofuna, da hotona ina miƙa ƙunshin wardi, ina murmushin wanda ya ci gardama. Na roƙe su, in sun tashi rubuta tarihin gidan nan bayan raina, su bar waccan ranar a jikin kofi. Ranar da nake so a rubuta ita ce Litinin ɗin Ista, shekara biyu bayan bikin, ranar da matata ta sake kai kanta ƙofar ɗakinta ba tare da hannun kowa ba.